Ina Ruwan Almu

Jarka ɗaya tak aka aiki Almu ya ciko, kuma ba wata babba ba, irin mai ruwan ɗorawar nan da ake sayen man girki a ciki. Rana ta sunkuya bayan gonakin auduga, awaki na dawowa hilla, wato ƙauye, suna ta kuka, lokacin da uwarsa Dije ta miƙa masa ita a bakin ƙofa. Ta ce ya yi sauri kafin magariba, kuma kada ya ɗebo na gefe, ya shiga ciki inda ruwan yake kwance.

Washegari 'yarsa Widad za ta cika kwana arba'in. A ƙauyukanmu na nan kudu da Sinnar, ran arba'in akan kai mai jego da jaririnta bakin ruwa, a watsa dabino da dawa, a wanke wa jariri fuska, a ɗiga masa kaɗan a baki. Al'adar maƙwabtanmu Larabawa ce kakanninmu suka tarar, suka ɗauka, suka riƙe ta fiye da masu ita. To, Barakatu matar Almu da aiki aka ciro mata 'yar, har yanzu da ƙyar take kai ƙofar gida. Dije ta ce wannan ba komai ba ne, in jaririya ba ta je ruwa ba, ruwa zai zo wurin jaririya. Kogi da nisa. Tafki kuwa ga shi nan bayan hilla.

Barakatu ta yi magana daga cikin ɗaki, a hankali, ta ce ita dai ta ji Diktora, ma'aikaciyar lafiya, ta hana ruwan tafkin nan. Dije ta ce hanin ya wuce, allon da ke bakin tafkin ma yanzu cewa ya yi an yarda, kowa ya gani, kuma duk hillar nan wa ya kai Almu sanin tafkin?

"Abu Widad," in ji Barakatu ga mijinta, "da gaske ne an sake gwada ruwan?"

Almu ya rataya igiyar jarkar a hannu, ya kaɗa ta.

"Ina ruwana da Diktora?"

Maganarsa ke nan tun yana yaro, har ta zama masa suna. In ka shigo hillar ka tambayi Almu ɗan Dije, sai an tsaya tunani. In ka ce Almu Ina-ruwana, ko makaho zai nuna maka gidan. Aji biyar ya bar makaranta, ranar da ya saka ƙadangare a butar shayin malam, kuma har yau yana cewa makarantar ce ta yi asara. Iyo kuwa ba a magana. Daga kan bagaruwar tsakiyar tafki yake daka tsalle, ya nutse, sai mutane sun fara salati sannan ya ɓullo a wani gefen yana tambayar wa ya mutu.

Tafkin nan kogi ne ke cika shi da damina ya bar shi. Shekarar babbar ambaliya ya cika ya batse, sannan laka ta toshe bakin da ke haɗa shi da kogi, ruwan ya tsaya wuri ɗaya. Ya yi kore. Kifi ya fara tasowa ciki sama. Masu wankan Juma'a suka fara soshe-soshe, rabin 'yan makaranta na fitsarin jini. Samira, ma'aikaciyar lafiyar da muke kira Diktora, ta ɗebi ruwan a kwalba ta aika Sinnar. Da sakamako ya dawo ta ce tsargiya ce, ga kuma gubar maganin feshin auduga. Ta sa aka kafa bututun ƙarfe a bakin tafki da siminti, aka liƙa masa allo, da jan fenti aka rubuta da Larabci: mamnu, wato an hana. An hana wanka, an hana sha.

Juma'a biyu Almu ya yi ba mai kallon tsallensa. A ta uku, da ya ji Diktora ta tafi kwas na sati biyu, sai ya ɗauki farar ƙasa ya shafe kalmar farko, ya kwaɓa shunin wankin Barakatu ya rubuta masmuh, wato an yarda. Rubutun ɗan aji biyar, amma ya karantu. Ya yi kwana uku yana dariya shi kaɗai. Bai gaya wa kowa ba, don wasan da aka bayyana ya lalace.

Yanzu ga shi a kan hanyar tafkin da jarka, yana fito. Ya gaya wa kansa ɗigo ɗaya ne kawai a bakin jaririya. Shi da ya sha tulu nawa na ruwan nan, me ya same shi?

Warin ne ya fara tarbarsa tun kafin ya ga ruwan. Ruɓaɓɓen ƙwai, da mushen kifi, da wani ɗaci a ƙarƙashi mai kama maƙogwaro, irin na ranar feshi. Busasshiyar laka na fashewa ƙarƙashin takalminsa. Allon na nan tsaye a kan tudu, taku biyar tsakaninsa da ruwa, shuɗin rubutun na ƙyalli. Almu ya sara masa kamar soja, ya wuce.

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando.

Sai ya lura ba kwaɗo. A wannan lokacin kwaɗin tafkin nan sukan hana mutum jin maganar kansa. Yau ko ɗaya. Ba sauro. Balbelun da ke kwana a bagaruwa suna nan a jere, farare, amma duk sun juya wa ruwan baya.

Ya shiga. Ruwan da ɗumi, kamar wanda wani ya tashi daga cikinsa yanzu. Gansakuka ta buɗe masa hanya ta rufe a bayansa. Gwiwa. Cinya. Da ya kai ƙugu sai wani ƙaton karfasa ya taho a kife ya daki cikinsa, idon ya yi fari, tsutsa a baki. Almu ya ture shi da jarka.

"Ina ruwana," ya ce.

Ya buɗe murfi, ya danna jarkar cikin ruwa. Ta fara sha. Bul. Bul. Bul.

"Ga shi nan."

Almu ya tsaya. Ya waiga. Ba kowa a bakin tafki. Ya san duk masu iya irin wannan wasa a hillar, kuma duk shi ya koya musu. Ya ce da ƙarfi in abokinsa Garba ne ya fito, ya gane shi, murya ma bai iya sauyawa ba.

Bul. Bul.

"Ga shi nan, ɗan Dije."

Daga bakin jarkar maganar ke fitowa.

Muryar tsohuwa ce, can ƙasa, mai jiƙe. Kuma Hausa take yi irin wadda Almu bai ƙara ji ba tun da kakarsa ta rasu, Hausar mutanen da suka taho da ƙafa daga yamma, ba kalmar Larabci ko ɗaya a ciki.

"Tun kana ƙarami kake cigiyar ruwanka. Kullum ina ruwana, ina ruwana. Mun ji tausayinka. Munka aje maka. Ko ɗigo bai ɓace ba."

Amma bakin Almu ba ya mutuwa da wuri. Ya ce ko wace ce ta sani shi ne Almu, wanda ya taɓa ɗaure wutsiyar jakin mai unguwa da ta saniyar liman, kuma tafkin nan ba kusurwar da bai sani ba. In tana da fuska ta nuna.

Ba ta nuna ba. Ruwan ne ya fara nuna masa abubuwa.

Ganga ta ɓullo a damansa, shuɗiya, da hoton ƙoƙon kai a jikinta. Ya gane ta. Cikin gangunan maganin feshin da ya kwaso daga gona ne bara, ya wanke su a nan, ya ɗaure su ya yi kwalekwalen wasan Juma'a. Ranar wani dattijo ya ce masa guba ce yake zubawa, kuma ya tuna amsar da ya ba shi. Wata gangar ta ɓullo. Wata kuma. Suka kewaye shi suna gugar juna, gwam, gwam, a hankali.

Sannan wani abu mai tsawo ya taso a gabansa. Haƙarƙari. Dogon ƙashin kai da haƙora. Mushen jakin da ya jawo ya jefa a nan shekara biyu da suka wuce, ya lulluɓe shi da buhu, ya ruga hilla yana ihun kada. Matan da suka watsar da wankinsu ranar sun yi wata ba su gaishe shi ba.

Ƙashin kan ya juyo ya dube shi.

"Duk naka ne," in ji muryar. "Duk randa kac ce ina ruwanka, mu ƙara maka."

Almu ya ja jarkar zai fita. Ba ta motsa ba. Ta yi nauyi kamar an cika ta da dutse, igiyar ta shaƙe masa wuyan hannu. Wani abu ya naɗe masa idon sawu, mai laushi, mai yauƙi kamar dafaffiyar kuɓewa. Yana da yatsu. Ya ƙirga su ba da son ransa ba. Sun wuce biyar.

Ƙananan katantanwa suka fara hawan cinyarsa.

Ya yi a'uziyya, ya kama Ayatul Kursiyyu. Riƙon ya sassauta, ya ji ya sassauta. Amma Almu rabin ayar ya iya, sauran a bayan liman yake laɓewa yana motsa baki. Ya kai inda ya saba tsayawa. Ya koma farko. Ya sake kaiwa wurin.

Yatsun suka dawo.

"Ba mu munka zo ba," ta ce. "Muna zaune ƙasa, an rubuta an hana, munka hanu. Kai kag goge. Kai kar rubuta an yarda. Ka zaci da mutane kaɗai allon ke magana?"

Almu ya yi ƙasa da murya. A iya sanin mutanen hilla, wannan ne karo na farko.

"Mi kike so?" ya ce, a raɗa.

"Aikenka dai. Ka kai ma ɗiyar. Ɗigo guda a baki, ta san ɗanɗanonmu. Randa ta iya tahiya za ta zo da ƙafarta, ba sai an kira ta ba."

Jarkar ta yi sauƙi nan take. Ta taso cike, murfinta a rufe, shi kuwa bai rufe ba.

"Ka ce ba ruwanka, mu sake ka. Ai maganar bakinka ce. Ba ta da wuya."

Gaskiya ne, ba ta da wuya. Tana nan a kan harshensa, ta saba hanya. Ya tuna bakin Widad, ƙarami, yadda take tsotsar ƙaramin yatsansa tana ɓata fuska don ba nono. Sai ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, kuma ba tsoro ba ne. Haushi ne. A yi wa Almu wayo da kalmarsa? A cikin tafkinsa?

"Da ruwana," ya ce.

Gangunan suka daina guga.

"Da ruwana, tsohuwar banza. Ni na zuba, ni na rubuta, kuma ba za ta sha ba."

Ya fizge hannunsa daga igiyar. Fata ta bi ta. Ya daki jarkar da ƙirji ta yi gaba.

Aka ja ƙafarsa.

Kore. Duhu. Ruwa ya shiga hancinsa, ya shiga baki, ɗaci kamar an tauna maganin feshi. Ya haɗiya. Ya sake haɗiya. A ƙasa ya ji laka na motsi kamar ƙirjin mai barci, ya ji hannuwa, ba biyu ba, suna lalubar wandonsa. Ya zare wandon ya bar musu. Shekara ashirin da biyar yana nitso don a yi masa tafi. Yau ba mai kallo. Ya dunƙule, ya taka wani abu mai kama da fuska, ya harba.

Ya ɓullo yana amai. Ya nufi gaɓa.

Ba gaɓa.

Inda ya bar takalminsa ruwa ne. Allon da ke kan tudu yanzu ruwa ya kai rabin bututunsa. Tafkin na tafiya. Ba igiya, ba ƙara, yana dai malala a kan hanyar da Almu ya biyo, siriri, kore, ya miƙe sak wajen hilla. A kan gaba jarkar ce ke lilo, kamar mai jan ragamar baƙi.

"In ba ka kai ba, mu tahi da kanmu," muryar ta ce, yanzu daga ko'ina. "An yarda muna."

Daga nan yana hango rufin gidansu, da hayaƙin girkin Dije.

Ya kama bututun da hannu ɗaya. Aka kama ƙafafunsa duka biyu, aka miƙar da shi a kan ruwa kamar shanya. Ya cire rigarsa da haƙori da ɗaya hannun, ya dunƙule ta a jiƙe, ya hau goge allon.

Shunin ya zuba. Farar ƙasar ta ƙi.

Ya yi mata kauri ranar, don aikin ya yi kyau.

Aka ja. Kafaɗarsa ta yi ƙara.

Ya yar da rigar. Ya ciro katantanwa daga cinyarsa, ya kankara da ita. Ta fashe. Ya ciro wata. Ya sa farce.

Jan fenti ya leƙo. Harafi ɗaya.

"Ɗan Dije."

Biyu.

"Ɗan Dije, tsaya mu yi magana."

"Karanta," ya ce. "Tunda kin iya karatu. Ni aji biyar na tsaya."

Farcensa ya tsage. Ya shafa jinin a kan harafin ƙarshe, inda fentin ya kankare tare da farar ƙasa.

Mamnu.

Aka sake shi. Ya faɗi rub da ciki a kan laka. Ya ji ruwan na janyewa ta ƙarƙashinsa da wani dogon tsaki, irin na tsohuwar da aka hana ta shiga gidan biki. Jarkar ta wuce ta gefen kunnensa, tana komawa, ta ɗan daki kafaɗarsa. Bai ɗaga kai ba.

Kwaɗo ɗaya ya yi kuka. Sai a lokacin ya ji ladan, har ya kai tsakiyar kiran magariba.

Da ganyen ayaba da guntun buhu ya shiga gida, ba riga, ba wando, ba jarka. Dije ta buɗe baki, ya riga ta. Ya ce ruwan tafki ba zai taɓa 'yarsa ba, yau ko gobe ko ranar aurenta. Ya ce shi ya sauya allon, da hannun nan, kuma duk wanda zai zage shi ya shiga layi. Dije ta ce arba'in ba ruwan waje ai ba arba'in ba ce, mutane za su yi da su. Almu ya ce su yi. Tunda aka haife shi bai taɓa ƙin aikenta a fuskarta ba, sai dai ya karɓa ya ɓace, shi ya sa ta tsaya tana kallonsa, har ta ga zanen da ke jikinsa: daga ƙirji zuwa ƙasa fatar ta yi ja ta tashi, a idon sawunsa kuma shaidar yatsu. Ta fara ƙirgawa, ta daina.

Da ruwan famfo aka wanke wa Widad fuska, tafasasshe, Barakatu na riƙe da ita. Dabinon yara suka cinye.

Almu ya yi sati uku a kwance. Diktora Samira ta dawo ta ba shi ƙwayoyin tsargiya, ta ɗora masa ruwa, ta wanke shi tas da faɗa a gaban matarsa, ya kuwa shanye. Da ya tashi, shi ya tara samari suka fiddo gangunan da ƙugiya daga gaɓa, guda goma sha ɗaya, suka haƙe bakin da laka ta toshe don kogi ya sami hanya da damina. Har yau duk Juma'a yana zaune a gindin allon da tsumagiya, yana korar masu son wanka, yana ba su labarin yadda ya taka fuskar aljana da ƙafar hagu. Kowace shekara aljanar na ƙara tsawo. Amma ba ya shiga ruwan ko zuwa idon sawu, kuma duk sabon wata yana sake bin jan rubutun da fenti. Maganar nan tasa kuwa ba wanda ya ƙara ji a bakinsa, sunan ne kawai ya ƙi barinsa.

Bana Widad ta shekara huɗu, bakinta kamar na ubanta. Ranar wata Laraba da la'asar Barakatu ta ce ta tashi daga rana kada ta yi zazzaɓi. Yarinyar ta murguɗa baki, ta kama ƙugu.

"Ina ruwana?"

Randar da ke ƙarƙashin rumfa ta ce bul.

Almu ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗauki 'yarsa ya miƙa wa uwarta. Sannan ya je ya buɗe faifan randar, ya sunkuya har numfashinsa na kaɗa ruwan.

"Nata bai taru ba, kuma ba zai taru ba," ya ce. "In magana ce, ga ni."

Ya jira. Ruwan bai ƙara cewa komai ba. Duk da haka ya tuntsurar da randar a tsakar gida, ya tsaya a kanta har ƙasa ta shanye.